Koren da Aka Kora

Ranar Asabar ce, ƙamshin soyayyiyar kaza da burodin masara ya cika gidan Delbert Haskew. Komai na falon ja ne, labule, kujeru, har kwanon kare. Tun Delbert yana ɗalibi a Jami'ar Jiha, ga shi yanzu da furfura, bai taɓa fashin kallon wasan ƙwallonsu ba.

Yau 'yarsa Marlee za ta kawo saurayinta Colby, sai dai akwai matsala. Colby a Jami'ar Noma ya yi karatu, masu koriyar riga, abokan hamayyar Jiha tun kaka da kakanni.

A bakin ƙofa Marlee ta miƙa wa Colby jar riga. "Plis, saka wannan. In Dadi ya saba da kai sai mu faɗa masa."

"Marlee, kakata za ta tsine min fa!"

"Kakarka ba ta nan. Saka!"

Da farko lafiya lau, ana ci ana hira, mahaifiyarta Darlene tana ƙara masa shayi mai ƙanƙara. Can sai talabijin ta nuno Noma sun ci wasu. Colby bai san lokacin da ya miƙe ba, cinyar kaza a hannu.

"Yauwa! Haka nake so, 'yan gida!"

Delbert ya juyo ya dube shi.

"Samari," in ji Delbert a hankali, "a ina ka yi karatu?"

"A... Noma, yallaɓai."

"Tuɓe mana rigarmu. Ga ƙofa can."

Marlee ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Darlene ta ce, "Haba Baban Marlee! Ƙwallo ce za ta hana 'yarka aure?"

"Ban ba shi ba," iyakar abin da ya ce ke nan.

Da abin ya ishi Marlee ta ce wa Colby su tafi kotu a ɗaura musu kawai. Ya girgiza kai. "Ba zan ɗauke ki ba da albarkarsa ba. Mu yi haƙuri."

Ranar karon Jiha da Noma, Darlene ta ce ƙafarta na ciwo, ta aika wa Colby tikitinta a ɓoye — kujerar da ke gefen mijinta. Sai ga Colby kore shar tun daga hula har safa, a tsakiyar dubban jajaye.

"Manomi! Ina ka ɗaure saniyarka?" wani tsoho ya ƙwala masa.

"Tana gadin kofin da muka karɓe muku bara, Baba!"

Delbert ya kau da kai don kada a ga murmushinsa.

Ranar an lallasa Noma ba tausayi. Tun kafin a tashi magoya bayansu suka dinga sulalewa, amma Colby bai motsa ba. Da aka hura usur ya miƙe, ya cire hula, ya rera taken makarantarsu shi kaɗai har ƙarshe, ana yi masa ihu.

Delbert ya daɗe yana kallonsa. "Muryarka ba daɗi."

"Na sani, yallaɓai."

"Ka zaci don kai kore ne na kore ka? A'a. Na ga mutum ya canja riga don a karɓe shi, na ce ranar da 'yata ta shiga wani hali haka zai canja ta. Yau an yi muku kaca-kaca, ba ka tashi ba." Ya miƙa masa hannu. "Na ba ka."

Marlee, da ke bayansu, ta daka tsalle. "Dadi! Da gaske?"

"Da sharaɗi — ba a ɗaura aure ranar Asabar a lokacin wasa. Ko ni ba zan zo ba!"

"Ni ma haka, yallaɓai," in ji Colby, Delbert ya kai masa dukan wasa a kafaɗa.

A watan Yuni aka sha biki, uban amarya da jar laktaye ɗaure a wuya, ango da koriya. Marlee ta gane cewa dabararta ce ta kusa raba ta da masoyinta. Iyaye sukan haƙura da bambanci, amma da wuya su damƙa 'yarsu ga wanda ya ɓoye asalinsa.