Ƙyallen Tatar Koko

Tun ranar da Turai ta zo daga Birmingham, Zinatu ba ta sake samun sukuni ba. An rage ma'aikata, baban Turai ya rasa aikinsa, shi ya sa aka kawo ta gidan gwaggonta, mahaifiyar Zinatu, a unguwar Cheetham Hill ta Manchester. Ɗakinsu ɗaya, ajinsu ɗaya, ga Turai da kaifin ƙwaƙwalwa kamar me!

Wata rana Malama Alice ta raba wa yara kalmomi, kowa ya binciko asalin tasa. Turai ta sami "filter".

Da yamma ta faɗo kicin da gudu.

"Gwaggo! Ashe daga 'felt' kalmar ta samo asali. Wani ƙyalle ne mai kauri na gashin tumaki, da shi mutane suke tace ruwa a zamanin da. Kamar ƙyallenki na tatar koko! Ki ara mini in nuna a aji."

"Kai, yarinyar nan akwai basira," in ji Mama.

Zinatu ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ita ko tambayar kalmarta ba a yi ba. Ta faki ido, ta ɗauki almakashi, ta huhhuda ƙyallen.

Washegari Mama ta zo tace gasara, sai dusa duk ta bi. Ta ɗaga ƙyallen, ta ga duk huji ne.

"Daga Kano na zo da shi. Ina zan sami irinsa a Manchester?"

Idon Turai ya ciko da hawaye. "Shi ke nan, mun yi asara. Na riga na gaya wa Malama Alice ni da Zinatu za mu yi nunin. Tata ai sai mutum biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta zuba."

Kunya ta lulluɓe Zinatu, ta fashe da kuka.

"Mama, ni ce. Haushi na ji. Turai, ki yafe mini."

Mama ta dama kokon a haka, ta miƙa mata kofi. "Sha tukuna, ki ji ɗanɗanon aikinki."

Dusa ta yi ta maƙale mata a wuya, amma ta shanye. Sannan aka ba ta allura da zare, Turai na riƙe mata tana ɗinki.

Ranar nuni Zinatu ta riƙe, Turai ta zuba, aji ya ɗauki tafi.

A hanyar gida Mama ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce. Kuma mai haƙa wa ɗan'uwansa rami, shi ke fara faɗawa."

Zinatu ta ƙara riƙe hannun Turai gam.