Ƙwayoyin Idon Marigayiya

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin shagon. Kafintan bai ɗago kai ba, ya ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku kuma ya sauka a tsakar gida daidai ƙafar yayarsa, wadda 'yarsa ke kira Gwaggo. Ta sunkuya ta ɗauka, sai ta ga ashe guntun katako ne, irin ragowar da ƙaninta ke tarawa a kwando.

Sana'arsa ba kujera da gado ba ce. Hoto yake yi da katako, babu ɗigon fenti. Zai samo itace fari, da ja, da mai ruwan zuma, ya yanka su ƙanana da siririn zarto, ya goge, ya jera kowane a gurbinsa ya manne da gam, har hoto ya fito. Gwaggo takan ce mutum da gemunsa ya zauna yana wasan yara, amma ita ce ke fara kiran baƙi su zo su gani.

Shekara uku ya yi a kan hoto guda, fuskar matarsa da ta rasu 'yarsu tana goye. Yarinyar, wadda yake kira Mamana, ta kai sha huɗu ba ta san kamannin uwarta ba, don hoton takarda ɗaya da suke da shi ruwa ya cinye. Komai ya haɗu sai ƙwayoyin ido. Duk baƙin itacen da ya gwada, sai fuskar ta zama ta wata. Ranar da masu aikin titi suka kayar da wata tsohuwar bishiya a bayan layinsu, ya ga wani ƙulli a tsakiyar kututturen, baƙi wuluk mai sheƙi. Ya ciro shi, ya raba biyu, ya sa ɗaya dama ɗaya hagu. Da ya ja baya ya duba, sai ya gane ta. Ita ce.

Kwana uku ke nan da rataye hoton a falo aka fara jifan.

Washegari da magariba abin ya ƙaru. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ko kaji ba sa motsi, sai ga kukan yara biyu siriri yana fitowa daga bango. Gwaggo ta leƙa waje, babu kowa. Da ta dawo ta tarar da Mamana tsaye gaban hoton, ta kafa kunne a jikin katakon.

"Ke, zo nan," in ji Gwaggo.

Yarinyar ba ta juyo ba. Daga ranar ta daina ci, ta daina magana. Da rana tana kwance kamar tsumma, rana na karkatawa ta miƙe ta je ta tsaya, tana kankarar fuskar uwarta da farce har yatsunta suka yi jini. Uban ya kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Tsoro ya kama shi sosai, don ya taɓa ganin yadda mutum ke zamewa daga hannu a hankali.

A rana ta shida Gwaggo ta je ta ɗauko wani malami, dattijo mara yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya dubi hoton, ya dubi kafintan.

"Maganar rataye fuskar mutum a bango, za mu yi ta wata rana," ya ce. "Ku zaunar da ita."

Ya fara karatu a hankali. Inuwa ta yi tsawo a ƙasan ɗakin. Can sai wuyan yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, muryar tsohuwa da ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ubanta ne. Bishiyar nan gidana ce, an rushe min, na yi haƙuri, titi na jama'a ne. Amma 'ya'yana biyu suna barci a cikin ƙullin nan. Ya sa zarto ya raba su, ya manne, ya shafe da mai. Ga ɗaya ga ɗaya, tsakaninsu bai fi yatsa uku ba, kuma ba sa ganin juna. Ya riƙe nawa biyu, na riƙe tasa ɗaya. Wa aka cuta?"

Kafintan ya durƙusa. "Wallahi ban sani ba, Iya. Itace na gani."

"Ku kullum itace kuke gani."

Malam ya ce, "Bai sani ba, ke kuma kin sani kika kama marainiya. Faɗi abin da zai raba ku."

"A ƙona hoton, a ba ni hannun da ya riƙe zarton."

"Wuta za ta ci 'ya'yanki. Hannun kuma da shi yake ciyar da ita. Ki ji tsoron Allah, ki nemi haƙƙinki kawai."

Gwaggo na ta salati ƙasa-ƙasa.

"To ya ciro su da hannunsa," muryar ta ce. "Ya haɗa su, ya mayar kan kututturen kafin rana ta faɗi. In ɗaya ya tsage, na tafi da wannan."

Kafintan ya san irin gam ɗin da ya sa, ya yi shi ne don ya fi shi daɗewa a duniya. Ya sauke hoton ya kwantar a ƙasa. Gwaggo ta kawo tafasasshen ruwa, ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan fuskar matarsa, ya jira, ya sake jiƙawa. Man ya yi fari, kumatun suka fara kumbura, aikin shekara uku yana lalacewa a ƙarƙashin tafinsa. Ya ɗauki mafi siririn kurfinsa na sassaƙa ya zura a gefen ƙwayar dama. Ta fito lafiya. Ta hagu ta ƙi. Hasken taga ya koma ja, shi kuma ya tsaya yana kallon fuskar matarsa.

"Kada ka dube ta," in ji Malam. "Dubi aikinka."

Sai ya daina lallaɓa fuskar. Ya sa kurfin ya fasa fatar idon da girar, ya ɓarke su gaba ɗaya, ƙwayar ta faɗo cikin tafinsa ba ko tsaga. Ya haɗa biyun, suka zauna da juna kamar ba a taɓa yanka su ba. Ya fita da gudu babu takalmi, ya ajiye su a ramin kututturen, rana saura ƙiris.

Da ya dawo, Mamana na zaune jikin Gwaggo tana shan ruwa. Malam ya ce tsohuwar ta yi sallama ta fita, ta kuma yi alkawarin ba za ta dawo ba. Yarinyar ta rarrafa wajen hoton, ta taɓa ramukan biyu da yatsunta masu ciwo.

"Baba, za ka iya sake yi mata? Ka tuna yadda suke?"

Ya buɗe baki zai ce ƙwarai, sai ya tsaya. Ya lalubi idanun nan a zuciyarsa, ya ga goshin, ya ga murmushin, amma wurinsu babu komai. Ya riƙo haɓar 'yarsa ya juyo da ita wajen sauran hasken, yana nema. Idanunta irin nasa ne, ba ta ɗauko na uwar ba.

"Ban tuna ba, Mamana," ya ce, hawaye na zubo masa. Ya jawo kanta ya rungume. "Me za ki ci?"