Baƙar Kwamfuta a Akwatin Lefe

Ranar kasuwar Goronyo Mashkura ta shiga shagon Zaharadeen, idonta bai sauka ko'ina ba sai kan wata kwamfutar tebur mai fitilu ja da shuɗi. Daga Wurno ta zo. Zane da kwamfuta take koyo a Sakkwato, malaminsu kuwa ya ce wanda ba shi da tasa a gida ba zai iya aikin kammalawa ba.

"Wagga nika so," in ji ta.

"Mi za ki yi da ita?"

"Zane."

"To wagga kwalliya ta kawai. Kin buɗa hoto biyu ta kama nishi." Ya jawo wata baƙa, tsohuwar ofis, duk ƙwarzane a jiki. "Wagga ba ta da kyau, amma ram ɗinta, ƙwaƙwalwar aikinta ke nan, babba na. Ki haɗa ta da allo mai nuna kala ta gaskiya, ki mance da hitilu."

"Kai wane irin ɗan kasuwa na, mai kushe hajatai?"

"Irin wanda ka son mai saye shi dawo."

Kuɗinta bai kai ko na baƙar ba. Ta karɓi lambarsa, wai don tambayar farashi. Farashin nan dai aka yi ta tambaya har damina ta wuce.

"Mai Zanena," ya rubuto wata rana, "na ɓoye baƙarki ƙarƙashin tebur. Wani ya taya yau, nic ce an riga shi."

"Yaya Dini, ban sa ka ƙarya ba. Amma kada ka hiddo ta."

Da ya tura magabata, mahaifinta Malam Maccido ya karɓe su hannu biyu. Sai maganar lefe ta taso. Jarin Zaharadeen ɗan ƙarami ne, ba zai cika akwatuna ya kuma ba da kwamfuta da allo kyauta ba. Mashkura ta rubuta masa: "Rage turame, ka sa mani baƙata cikin lehe. Atamfa ba ta yi mani jarrabawa."

Ranar kawo lefe gida ya cika da mata. Inna Bilki, ƙanwar Malam, ita ke buɗe lefen kowa a dangi, kuma ba a taɓa kawo wanda ya burge ta ba. Ta ɗaga murfin akwatin ƙarshe, ta yaye bargo, guɗa ta tsaya cak.

"Mi na wanga? Injin niƙa?"

"Kwamfuta ta, Inna," wata ta ce.

"Kwantan shagonai yak kwaso muna! An rena mu!"

Kafin magariba labari ya kai garin Rabah. Khalid, ɗan wani dillalin albasa na can, wanda ya daɗe yana kewaye gidan don Mashkura, ya aiko cewa shi zai cika akwatuna har su ƙi rufuwa, karatu dai a bar shi. Malam ya ce a mayar da kayan Goronyo.

"Na ja maki kunya, Mai Zanena. Ki yahe mani," Zaharadeen ya rubuto.

Ta sha kuka, tsoro ya cika ta, ga miji ga karatu duk za su suɓuce. Da safe, kafin a tafi da kayan, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ni nic ce shi sa ta. Ba reni na ba."

"Ke kinka ce? Garin ga ana hwaɗin ɗiyata ba ta kai turmi ba. Mi wanga ƙarhe ka yi maki?"

"Ka ba ni aiki ka gani."

Ya shiga ɗaki ya fito da hoton mahaifiyarsa, shi kaɗai ya rage, ruwan ambaliya ya cinye rabin fuskar. Aka kai kwamfutar gidan maƙwabci mai sola. Mashkura ta ɗauki hoton da waya ta tura ciki, sannan ta juya.

"Inna, zamna nan. An ce ke kinka ɗauko kamanninta."

Inna Bilki ta zauna tana ƙunƙuni. Mashkura ta dubi ƙanwar ubanta, ta dubi allo, tana mayar da kunci da gefen baki kaɗan-kaɗan. Baƙar nan ko tari ba ta yi ba. Da la'asar aka kira Malam.

Ya tsaya gaban allon, ya cire hula. Inna Bilki kuwa tuni ta rufe fuska da mayafi.

"Ita ta," ya ce a hankali. "Bilki, ruhe akwatunan ga. Lehe ya cika."

Mashkura ta ɗauki waya ta rubuta: "Yaya Dini, ka ci abinci. An amsa."

"Alhamdu lillahi, Sahibata. Tun jiya ko ruwa sun ƙi wucewa."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, Malam ya sa musu albarka. Ranar kai amarya matasa suka ɗauki kwamfutar za su jefa bayan akori-kura tare da gado da katifa. Inna Bilki ta daka musu tsawa, ta naɗe ta da sabon bargo, ta shiga mota kusa da amarya ta ɗora ta a cinya.

"Direba, bi ramun ga sannu. Lehen ɗiyata na. Allah shi ba su zaman lahiya."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, mota ta kama hanyar Goronyo.