Gangunan da Takama Ya Liƙe

Da la'asar sakaliya na sauka daga kabu-kabu a bakin hanyar da ke shiga fadamar rake, gabas da Konni. Ina riƙe da ƙaramin kofin gilashi naɗe cikin hankici. Aikin da ya kawo ni ƙarami ne: in ɗanɗana abin da ke cikin gangunan ɗana, in gaya masa ko ya isa a kai wa masu otel a Yamai.

Ni ba mashayi ba ne. A lakwal ɗin Mompera, makarantar 'yan mishan, tun ina yaro, aka koya mini karatu da addu'a da wanke kofi har ya yi ƙara. Tsohon Fada, limamin cocin da na yi wa hidima, shi ya koya mini sauran, wato ɗanɗanar giya: ka kai hanci, ka jira, ka taɓa harshe, ka tofar. Ya mutu. Waɗanda muka yi lakwal da su sun mutu. Matata ma ta bi su.

Takama kaɗai Allah ya bar mini. Ya yi shekaru a Kwatano, ya dawo da sana'ar dafa ruwan rake a mai da shi barasar da ake kira rom. Ya dawo kuma da gangunan katako waɗanda suka taɓa ɗaukar wata giyar inabi ta Sipaniya mai suna sheri. A cikinsu yake kwantar da rom ɗin ya ɗauki launi da ƙamshi. A ƙasarmu wannan ba sana'ar da ake talla ba ce. Shi ya sa ya nisanci gari, ya kama wani tsohon ɗakin ƙasa a tsakiyar rake, inda Arna ke dafa giyarsu tun kaka da kakanni.

Matarsa Nazifa ta tare ni a ƙofar gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma ba ta tashi ba.

"Baba, ni na sa shi kiranka. Ba don ganguna ba."

"Mi ya faru?"

"Shiga ka gan shi."

Yana kwance a tabarma, bokitin ruwa a gefensa, moɗa a hannunsa. Leɓɓansa sun tsage. Idanunsa sun faɗa ciki. Agogon da na saya masa ya zame har gwiwar hannu. Nazifa ta ce tun bazara yake shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ba ya gumi, ba ya fitsari. An kai shi asibiti, an yi masa ƙarin ruwa leda bayan leda, kamar ana zuba wa rairayi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba su ga cutar ba.

Ya buɗe ido ya yi murmushi.

"Tsoho, ka zo da kofin Fadanka?"

"Na zo da shi. Kai kuma wa ya shanya ka haka kamar kilishi?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

"Ka fara da gangar ƙurya," in ji shi cikin raɗa. "Ita ce amaryata."

Na fita don kada ya ga fuskata.

Rana ta yi ja a kan rake. Ganyen yana shafar juna, shuu, shuu, ko da yake babu iska. Na wuce ramin da yake zuba guggubin dahuwa ya bar shi ya ruɓe, don daga nan rom ɗinsa ke samun ƙarfin ƙamshi. Tsami ya doki hancina, da warin mangwaron da ya faɗi ya kwana. Wannan daidai ne. Haka ya kamata wurin ya yi.

Na tura ƙofar ɗakin ganguna, na tsaya.

Babu ƙamshi.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san tun daga ƙofa ƙamshi ke tarbar mutum. Ganga tana numfashi ta jikin katako. Kullum wani abu na tashi daga ciki ya tafi, Fada yana kiransa kason mala'iku. A nan kuwa ƙura kawai na ji, da kwalta.

Na kunna tocila. Kowace ganga an naɗe ta da baƙar leda tun daga kai har gindi, an bi kowace gaɓa da kwalta an liƙe.

Sai na tuna ranar da Goggo, tsohuwar da ta ba shi ɗakin, ta miƙa masa makulli a gabana. Ta ce masa, "A nan ba a liƙe bakin tukunya, ɗana. Abin da ya tashi na masu wurin ne." Takama ya ce to. Daga baya ya yi ta yi mini ƙorafi a waya, wai zafin Konni na shanye masa rom, kowane wata ganga ta ragu. Bai gaya mini maganin da ya samo ba.

Na je ƙurya. Na kankare kwaltar da wuƙata, na zare toshiya. Gangar cike take har baki, bayan bazara guda.

Duk da haka na yi abin da na zo yi. Na zura tiyo, na ɗebo, na zuba a kofi. Launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Na kai hanci. Ayabar da ta nuna ta wuce. Abarba mai shirin ruɓewa. Gam ɗin masu facin taya, mai yaji har cikin ido. Can ƙasa, a hankali, zabibi da dabino da soyayyar gyaɗa, abin da tsohuwar giyar ta bari a katako. Na taɓa harshe. Wuta ce, ɗanya, ba ta gama kwanciya ba, amma mai kyau ce. Ɗana ya iya aikinsa.

Na ɗaga kofin gaban tocila in duba.

Yana raguwa.

Ban karkata shi ba. Ina kallo layin yana sauka, sannu sannu, har gindin gilashin ya bushe ƙayau.

"Ƙara."

Muryar ba ta da ruwa a cikinta. Kamar a murza busasshen ganye.

Ƙofa ta rufe. Ban ji takun kowa ba.

Daga bayan ganguna wata ƙara ta taso. Kar, kar, kar. Harshe ne busasshe yana lasar leda. Ba ɗaya ba. Ta ko'ina.

Na juya tocila.

Suna tsugune a tsakanin gangunan, ƙanana, sirara, fatarsu kamar ƙasar tafkin da ya ƙafe. Kowanne ya manna bakinsa a jikin leda yana tsotsa. Na kusa da ni ya ɗago kai. Ba shi da ido, sai ramuka.

"An liƙe mana," ya ce.

Na so in yi addu'a. Addu'ar da na haddace tun ina yaro ta ɓace mini.

"Muka bi ƙamshi har gida. Shi ba a liƙe shi ba."

"Ɗana ne," na ce. "Shi kaɗai gare ni."

"Saura kaɗan."

Na faɗa wa gangar farko da wuƙa. Leda ta tsage, kwalta ta manne mini a yatsu. Na yage da hannu, na yage da haƙori. Na koma ta biyu. Farcena ya cire, ban tsaya ba. Ina yagewa ina cewa ga shi nan, ga naku nan, ku sha. Ƙamshin da aka tsare wata da watanni ya fashe cikin ɗakin, ya shaƙe ni, hawaye suka rufe mini ido.

Lasar ta tsaya. Na ji ana jan numfashi, dogo, daga kowane lungu.

"Wanga na yau ne," muryar ta ce a kunnena. "Na baya fa?"

Na ɗauki gudumar da ke jingine da bango. Na fasa amaryar Takama. Na fasa ta kusa da ita. Rom ya malala a ƙasa, ya kai mini idon sawu, sai ƙasa ta bushe tun kafin in ɗaga ƙafa.

Na fasa ta ƙarshe.

Na ajiye gudumar.

"Mun riga mun saba da ɗanka," in ji muryar.

Daga can nesa na jiyo Nazifa tana kiran sunan mijinta. Kira ɗaya, sannan na biyu da wata irin murya.

Na durƙusa. Na naɗe hannun rigata.

"Ku bar shi. Ga ni."

"Kai tsoho ne. Ba ka da ruwa."

"Ku sha sannu. Zan ishe ku."

Na miƙa musu hannuna.

Sai wani baki mai sanyi ya sauka a wuyan hannuna.

Tocila ta mutu. Harshena ya manne a ganɗa. Na ja jiki da gwiwa ina laluben bango, ina jin su a bayana, a wuyana, a ƙafata. Na sami ƙofa. Ta buɗe da kanta.

A cikin rake na farfaɗo, ana kiran magariba a wani ƙauye. Nazifa ce a kaina tana yayyafa mini ruwa, fuskarta jiƙe.

"Baba, ya yi gumi," ta ce. "Ya suma, sannan ya yi gumi. Rigarsa duk ta jiƙe."

Takama ya tashi. Kafin damina ta ƙare ya mayar da jikinsa. Ya daɗe bai yi mini magana ba saboda gangunan, ban kuma yi masa bayani ba. Yanzu albasa yake ɗauka daga Galmi zuwa iyaka, kuma Nazifa ta haifa masa 'ya mace.

Ni na koma gidana a Illela. Ina shan ruwa fiye da dā. Randata na bar ta a buɗe, ba marfi. Idan rana ta yi ja nakan zauna a ƙofar ɗaki in miƙa hannu a kan gwiwa, don kada masu ɗakin gangunan su sha wahalar nema su tuna hanyar wani gida.

Jiya Takama ya kawo mini jaririyar. Ya ɗora mini ita a cinya, ya dube ni da kyau.

"Tsoho, ka rame."

"Tsufa ne," na ce. "Karɓe ta, rana ta kusa faɗuwa."