Sunan Inna a Jerin Masu Aikin Ido

Saura ƙiris Auta ta fasa rubuta takardar nan. Sau uku tana ɗaukar biro tana ajiyewa, har ta yanke a ranta cewa za ta je ta ce wa Shugaba hannunta ya ƙi. Ita da kanta ta sha faɗa daga baya cewa ba don wata allura ba, da ba ta rubuta ba.

Ranar Talata da hantsi aka aiko mata ta zo ofishin ƙungiya.

Ƙungiyar raya gari ce, ɗaki biyu a bayan kasuwa, ɗaya ofis ɗaya aji. Su suka gyara famfon unguwa, su suka buɗe wa mata ajin koyon karatu, kuma sau ɗaya a shekara sukan ɗauki mutum ashirin a mota su kai babban asibiti a yi musu aikin ido kyauta. Bana sunan Inna ne na bakwai. An manna jerin a jikin ƙofa, kuma Auta ba ta taɓa wucewa ba ta tsaya ta bi sunan da yatsa ba.

Ta yi sallama can ƙasan maƙoshi ta shiga. Shugaba na zaune bayan tebur, tsohuwar nas ce mai tabarau, ba ta da faɗa amma ba a yi mata musu. A jikin taga kuwa Malam ne tsaye ya harɗe hannuwa. Shi ke koyar da ajin mata da yamma, shi kuma ke bin gida gida a kan babur yana rubuta sunayen masu buƙata.

Auta ta ja ta tsaya.

"Zauna, 'yata," in ji Shugaba. "Kin san wannan?"

"Malaminmu ne..."

"Malaminku kawai?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Wata takwas ke nan yana zuwa gidansu. Da farko don duba idon Inna, daga baya don duba aikin gida da ya ba Auta a aji, daga baya kuma ba don komai ba. Makon jiya ya ce da an dawo daga asibiti zai turo manyansa.

"An kawo ƙara," Shugaba ta ce. "An ce babur ɗinsa ya fi sanin ƙofar gidanku fiye da ta ofis. An ce sunan mahaifiyarki bai hau jeri ba sai don surukarsa ce."

"Hajiya, likita ne ya auna ta," Malam ya ce da sauri. "Takardarsa na cikin fayil, ni ban..."

"Na gani. Ban ce ka yi ha'inci ba. Amma ka san doka, a gabanka aka rubuta ta."

Ya sani, duk garin ma sun sani. Shekara biyar da suka wuce wani ma'aikaci ya cusa surukansa huɗu a jeri. Da asiri ya tonu aka jefi motar da duwatsu, masu tallafi suka janye, aka yi shekara biyu ba a kai kowa asibiti ba. Tun daga nan aka ce ɗan'uwan ma'aikaci, ko surukinsa, ko gidan da yake neman aure, ba sa shiga jeri.

"To na ajiye aikin," in ji Malam.

"Ka ajiye ka ciyar da ƙannenka da me? Kuma ko ka ajiye, hannunka ne ya rubuta sunan. Sai dai a sake tantance ta baɗi."

Baɗi. Idon Inna na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce ba zai jira baɗi ba.

Shugaba ta cire tabarau ta murza idonta.

"Hanya ɗaya na gani, 'yata, kuma wallahi ba da son raina ba. Ki rubuta da hannunki cewa babu neman aure tsakaninku, babu alkawari. Ki rantse a ƙasa, ki sa hannu. Jibi Alhamis zan karanta wa kwamiti, Asabar mota ta tashi. Shi kuma zan mayar da shi reshenmu na ƙauyuka, bakin mutane ya huta."

Ta miƙo mata farar takarda guda ɗaya. Auta ta karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya mata karɓar abu daga babba, ta ce, "Na gode." Sai da ta fito ta tuna ba abin godiya ba ne.

A aji Malam ya same ta. Babu kowa, sai bencina da allo da ragowar rubutun jiya. Ta zauna a gurbinta na kullum, layin baya kusa da bango.

"Ɗalibata..."

Ba ta ɗago ba.

"Ki dube ni mana. Takarda ce fa kawai. Ki rubuta, a yi wa Inna aiki, ƙura ta lafa. Shekara ɗaya, biyu, ko nawa ne zan jira."

"Jiran ma alkawari ne, Malam."

"Wa zai sani?"

"An ce in rantse."

Ya san ta. Yarinyar da ta taɓa dawowa daga gida cikin rana don ta mayar da guntun allin da ta tafi da shi bisa mantuwa.

"To ba sai ki rubuta yadda zai fahimtu ta fuska biyu ba? Ni zan tsara miki."

"Ni ban iya irin wannan ba. Abin da kuka koya mini ke nan, a rubuta abu yadda yake. In na ce babu, to sai ya zama babu."

"Auta, kina jin abin da kike faɗa kuwa?"

"Ina ji..."

Ya zauna a bencin gabanta ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Laifina ne. Tun ranar da na ji zuciyata ta fara canzawa ya kamata in miƙa fayil ɗin ga wani. Na ce bari in rubuta da hannuna don kada a yi kuskure a sunan. Ina ganin gata nake yi muku."

"Gata ka yi mana."

"Ki ce dai na rusa mu."

Hawayenta ya ɗiga a kan farar takardar, ta yi maza ta goge da mayafi don kada ta lalace. Ganin haka ya kau da kai.

"Ba zan ce ki zaɓe ni ba," ya ce a hankali. "Da uwata ce ni ma... Amma ki bar ni in faɗa sau ɗaya, tunda ba a hana ni ba tukuna. Ina son ki, ɗalibata. Tun ranar da kika danna biro har ya huda shafi uku, na ce wannan noma ta zo yi ko karatu."

Dariya ta kuɓuce mata a cikin kukan. Ta miƙe da sauri ta fita, don ta san in ta ƙara minti ɗaya za ta yaga takardar.

Ba ta gaya wa Inna ba. Ranar Laraba ta tashi ta yi abin da ta saba, ta zura zare a allura goma ta soke su a jikin matashin kujera. Ɗinkin hannu Inna ke yi, gyaran riguna da ɗinke bakin zane, kuma hannunta ya san hanya ko ba ido. Zura zaren ne kawai ya gagare ta shekara biyu ke nan. Yayyen Auta duk sun yi aure a nesa, daga ita sai Inna a gidan.

Amma magana ba ta kwana a garin nan. Da la'asar maƙwabciya ta shigo aron rariya, ta daɗe a ɗakin Inna fiye da yadda aron rariya ke buƙata.

Tana fita Inna ta kira.

"Auta, zo nan. Kwana biyu ban ji tarin babur ɗin nan ba. Ko ya mutu ne a hanya?"

"Aiki ne ya yi masa yawa."

"Ke da ƙarya kamar akuya da hawan keke. Zauna."

Ta zauna a bakin tabarma.

"Na ji komai," in ji Inna. "Ba za ki rubuta ba."

"Inna..."

"Ban gama ba. Shekarata nawa? Me ya rage ban gani ba? Na ga ubanki da ƙuruciyarsa, na ga yayyenki a ɗakunansu. Yaron nan mutumin kirki ne, yana cire takalmi tun daga zaure, yana tambayar ƙafata kafin ya tambaye ki. Irinsa ba sa zuwa sau biyu."

"Likita ya ce in aka wuce bana..."

"Likita Allah ne? Ni fa idon ma ya yi sauƙi kwanan nan, na ƙi faɗa miki ne kada ki ce ina gudun asibiti. Kin ga," ta laluba gefen cinyarta ta ɗago allura da zare yana reto. "Ɗazu na zura wannan da kaina. Sau ɗaya, ya shige."

Tana murmushi, ta miƙo allurar wajen da take zaton Auta take, ɗan nesa kaɗan da inda take zaune.

Auta ta matsa ta karɓa. Baƙin zare ne, an ƙulla bakinsa ƙulli biyu a jere. Inna ƙulli ɗaya take yi tun fil azal. Ƙulli biyu na Auta ne. Ta waiwaya ta dubi matashin kujera, ta ƙirga guraben da ta soke da safe, ɗaya babu allura. Inna ta cire ɗaya ta ɓoye a ƙarƙashin zane tun da maƙwabciya ta tafi, tana jiran wannan maganar.

"Kin gani ko?" in ji Inna.

Auta ta danne bakinta da tafin hannu har sai da numfashinta ya daidaita.

"Na gani, Inna. Ya yi kyau."

"To maganar ta mutu. Ɗora mana ruwa."

Ta ɗora ruwan. Sannan ta ɗauko takardar Shugaba daga cikin littafin aji, ta fito tsakar gida inda sauran hasken yamma yake, ta kifa tire a cinya. Biron da Malam ya ba ta ranar da ta fara karanta shafi guda ba tsayawa, shi ta ɗauko. Ta ajiye. Ta sake ɗauka. Daga ɗaki tana jin Inna na 'yar waƙarta tana laluben bakin riga.

Ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi, yadda ya koya mata.

"Ni ce 'yar mai suna na bakwai. Malam ya so ni, ni ma na so shi, ba zan ɓoye ba. Amma likita ne ya ce idon Inna ya kai a yi aiki, ba Malam ba. Daga yau babu neman aure tsakanina da shi. Babu alkawari. Ban ce ya jira ni ba, kuma ba zan ce ba. Na rantse da Allah. Don Allah a bar sunan Inna."

Ta sa hannu. Da ta ɗaga takardar sai ta ga biron ya huda ta a wuri biyu.

Washegari ta tashi da wuri. Ta zura allura goma, ta ƙulla kowacce ƙulli biyu, ta soke su a matashi. Ta wanke zanen da Inna za ta sa ranar Asabar ta shanya. Inna ta tambayi ina za ta da sassafe haka, ta ce famfo, ta kuwa ɗauki bokiti don kada ya zama ƙarya.

Babur ɗinsa na jingine a ƙofar ofis, an ɗaure jaka a bayansa. Tana jin motsinsa daga aji yana jera bencina. Ba ta leƙa ba.

Shugaba ta karanta takardar a tsaye, ta sake karantawa, sannan ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin gyale.

"'Yata, ban ce ki rubuta duk wannan ba."

"Haka yake, Hajiya."

"Za a bar sunan."

Auta ta gyaɗa kai. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da biron, ta ɗora a kan tebur.

"Na Malam ne. A ba shi in zai tafi."

Ta fito. A bakin ƙofa ta tsaya gaban jerin, ta ɗora yatsa a kan na bakwai ta bi shi har ƙarshe. A cikin aji ƙarar bencina ta tsaya cak, ta san ya ga inuwarta. Ta ɗauki bokitinta ta nufi famfo, ta shiga layi a bayan mata.