Mai Jaki da Sharar Gari

A zamanin da, a wani gari, an yi wani mai jaki da 'yarsa tilo. Hukumar garin ta ɗauke shi aikin kwashe shara. Kullum da safe sai ya bi gida-gida ya cika mangala, ya kai wani rami can bayan gari.

Ramin kuwa da nisa. Ran nan ya gaji, sai ya juye sharar a babbar magudanar ruwa. Wata tsohuwa ta gan shi, ta ce, "Ɗan nan, nan aka ce ka zuba?"

Ya ce, "Iya, ruwa zai tafi da ita."

Kashegari ya sake zubawa, tsohuwa ta sake magana. Ya ce, "Ruwa zai tafi da ita." Haka ya yi ta yi har rani ya ƙare.

Da damina ta kama, aka sheƙa ruwa da rana tsaka. Ruwa ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya kwararo cikin unguwa yana rusa katangu. Mai jaki ya rugo gida, ya tarar da mutane tsaye cirko-cirko. Ya ce, "Ina 'yata?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Tsohuwar nan ce ta amsa. Ta ce, "Ɗan nan, ruwa ya tafi da ita."