Hannun da Ke Tura Keken Kumatu

Rana ta kusa faɗuwa Malamar Kimiyya ta tuna ta bar wayarta a ɗakin gwaji. Mijinta bai dawo daga aiki ba, ba kuma wanda za ta bar wa 'yarta, don haka ta kwantar da Kumatu cikin kekenta na jarirai, ta tura ta zuwa makaranta. Keken na tafiya sumul, ko ƙara babu, domin da safe ta ɗiga wa tayoyinsa mai.

Ita dai Malama ba ta ƙaunar ƙarar taya. Wanda ta gada a wannan ɗaki, wani dattijo da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Waigi, ya bar mata komai a cije. Duk abin da ke da taya, daga 'yan amalanken gwaji har teburin ɗaukar kaya, sai da ya cusa masa waigi, wato guntun katako, a ƙasa. Ranar da ya miƙa mata makulli abu ɗaya ya ce: "'Yata, kada ki sa wa tayoyin nan mai. Ki bar su su yi ta kukansu." Ta yi dariya a ranta, ta ce tsufa ne. A makon nan ta tattara katakan ta watsar, ta shafe kowace taya da mai, ta auna daɓen da kanta ta ga ko gangara kaɗan babu.

Da ma kullum karatunta ke nan: abin da ke tsaye ba zai motsa ba sai an tura shi ko an ja shi. In ɗalibi ya ce biro ne ya faɗi da kansa, sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa ya tura shi?" Har tsokanarta suke yi da wannan tambaya.

Ta ajiye keken a doguwar barandar cikin ginin, daidai ƙofar ɗakin, ta shiga. Warin mai da alli ya tare ta. Famfo na ɗiga a kwano. Ta hango wayar kan tebur.

Sai ta ji ƙyas a bayanta.

'Yar amalanken gwaji ce ta taso daga ƙarshen benci, tana gangarowa a hankali. Ta biyu ta bi ta. Ta uku ma. Taga a rufe, fanka a kashe, benci a miƙe.

"Wa ya tura..."

Ta waiga ƙofa. Babu keken.

Ta faɗa baranda. Ga shi can yana tafiya shi kaɗai, ya nufi ƙofar baya. Bayan wannan ƙofa akwai tsohon tankin ruwa na ƙasa, wanda murfinsa ya rufta tun bara. Ƙofar da kullum take a garƙame yanzu a wangale take.

Abin da ya fi tsinka mata zuciya ba tafiyar ba ce. Da turawa ɗaya aka yi aka saki, da gudun ya ragu. Wannan ƙaruwa yake yi. Wato hannun da ya tura shi yana kai har yanzu.

Ta cim masa, ta damƙi mariƙin. Sanyi ya ratsa tafukanta, ta ji yatsunta sun sauka kan wasu yatsu, dogaye, jiƙaƙƙu, alhali idonta bai ga komai ba sai ƙarfe.

"A'uzu billahi," ta faɗa can ƙasan maƙoshi. "Sakar min 'yata."

Numfashi mai warin tsohon ruwa ya huro mata a kunne.

"Ke kika sakar min."

Ta ja baya da iya ƙarfinta. Takalminta ya riƙa sulɓi kan siminti. Ta taka birki, birkin ya ɓalle. Kumatu ta farka, ba ta yi kuka ba. Ta ƙura wa gefen uwarta ido tana ɓangala dariya.

Ƙarfin mai turawar ya fi nata, ta san wannan. Ja ba zai yi ba.

Kusa da ƙofar ta hango jan bokitin yashin kashe gobara.

Sai dai kafin ta kai gare shi dole ta saki keken.

Ta saki.

Ta wuce shi a guje, ta kifar da bokitin a gabansa. Tayoyin suka kutsa cikin yashi, suka yi ƙara, suka cije. Keken ya tsaya yana karkarwa, gindinsa na ɗagawa.

Ta fizgo Kumatu ta rungume.

Nauyi na barinsa, keken ya tsallake yashin kamar an harba shi, ya fice ta ƙofar. Ta ji tsundum. Daga nan shiru, sai ɗigar famfo.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Wayar ma sai da safe mai gadi ya kawo mata.

Washegari ta sa kafinta ya yanko mata katakai, ta bi kowace taya ta cusa. Ta bar ƙura ta cinye man, tayoyin suka koma kukansu, ita kuwa kukan nan ya zame mata abin jin daɗi. Karatun bai canza ba, don ba a taɓa tabbatar mata da shi kamar ranar ba. Tambayar ce kawai ta daina yi. Ba ta sake sayen keke ba, ko motar wasa ba ta bari a shigo da ita gidan.

Da Kumatu ta fara koyon magana, uban ya yi ta lallaɓa ta ta ce Baba, Malama na cewa a'a, Mama za ta fara. Wata yamma tana zaune a cinyar uwarta, sai ta leƙa ta bayan kafaɗarta, inda babu kowa, ta miƙa hannu biyu tana dariya.

"Tura," in ji ta.